Yadda Ake Yi wa Jarkokin Mai Alama da Tsara Su a Gida

Gidan da yake da janareta da babur da risho ya riga ya tara mai iri uku, ko mai gidan ya lura ko bai lura ba: fetur, kananzir, baƙin mai. Wani gidan har da dizal. Kuma sau da yawa duk a jarka iri ɗaya suke, ruwan ɗorawar nan mai lita 25 ta man girki, irin wadda 'yan garuwa suke kawo ruwa da ita. Mai gida zai ce ai ya san kayansa, ta hagu fetur, ta dama kananzir. Ya sani ɗin, amma ba kullum shi yake zubawa ba. An ɗauke wuta bayan isha'i, an ce yaro ya je ya sa wa inji mai. Uwargida tana tsakiyar tuwo risho ya ƙafe, ta aiki ƙanwarta. A irin wannan lokacin ake yin kuskuren. Don haka duk abin da zan bayyana na tsara shi ne saboda wanda aka aika, cikin duhu, yana sauri, wataƙila ma bai yi boko ba. Alamar da mai gida kaɗai yake ganewa ba ta amfana komai ba.

Na sha yin wannan aikin, a gida da kuma gona inda ake ajiye man injin ban ruwa. Wuni ɗaya ya isa, mafi yawansa ma jiran fenti ne ya bushe.

Abin da ya kamata ka sani tukuna

Ba ruwan fetur ne yake kamawa da wuta ba, tururinsa ne, kuma fetur yana fitar da tururi a kowane yanayi, ko da sanyin asuba na hunturu. Kananzir sai ya yi zafin kamar digiri 38 kafin tururinsa ya isa kamawa, dizal kuwa sai ya haura 50. Shi ya sa kananzir yake ci a hankali a lagwani. Fetur kaɗan idan ya shiga cikinsa, sai tankin risho ya cika da tururi, ana kusanto da ashana ya tashi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, bin ƙasa yake yi, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya je ya sami garwashi a wani ɗakin. Iyakar ilimin da aikin yake buƙata ke nan.

Kayan aiki

- Jarka ɗaya ga kowane irin mai, mai murfi lafiyayye
- Fentin mai: ja, shuɗi, baƙi, kore, da fari na rubutu (ƙananan gwangwani sun isa)
- Ƙaramin buroshi da samfefa ta kafintoci
- Omo, ruwa, tsumma
- Igiyar roba mai ɗan kauri
- Murafun robar lemo kamar guda shida
- Gwangwanin lemo da ƙusa, don yin tambari
- Mazurari ɗaya ga kowane irin mai
- Sirinji mai mililita 20, idan kana da ƙaramin janareta mai shan haɗin fetur da baƙin mai
- Farar takarda, alli, guntun katako
- Bokitin yashi, kwaɗo, tocila

Idan da hali, ƙara da tukunyar kashe gobara ta hoda. Idan babu fenti kala-kala, akwai mafita a mataki na 4.

Mataki na 1: Fitar da komai waje

Da safe za a yi, kafin rana ta yi zafi, nesa da murhu da masu shan taba. Fito da duk wani mazubi da ke da mai a gidan, har da ƙananan kwalaben da aka tura bayan ƙofa. Su ne ma suka fi haɗari.

Wanda ba ka da tabbacin abin da ke ciki, kada ka dogara da ido. Launin fetur yana canzawa daga wannan gidan mai zuwa wancan, kananzir kuma wani lokaci fari ne tas kamar ruwa. Kada kuma ka tura hanci a bakin jarka ka zuƙa. Ɗiga kaɗan a farar takarda ka ajiye a inuwa. Fetur zai bushe nan da nan, kusan ba tabo. Kananzir zai daɗe kafin ya tafi. Dizal zai bar tabon maiƙo ya zauna.

Wannan gwajin yana da iyaka: ba zai nuna maka kananzir da fetur ya ɗan shiga cikinsa ba. Duk kananzir ɗin da kake kokwanto a kansa, haramta masa risho da fitila. Kai wa bakanike, zai wanke kayan inji da shi. Kada a zuba a kwata, ko masai, ko kusa da rijiya. Gwadawa da ashana kuwa, kada ma ka fara.

Mataki na 2: Ba kowane mai jarkarsa ta dindindin

Jarka ɗaya, mai ɗaya, har ta mutu. Ba a cewa yau babu fetur bari a sayo kananzir a cikinta. Musamman jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, ba ta komawa ta kananzir, domin roba tana shan mai, wanki ba ya fitar da shi duka. Haka kuma duk jarkar da mai ya taɓa shiga ta yi sallama da ruwan sha da man girki.

Wadda ta fi dacewa da fetur ita ce ta ƙarfe mai lita 20 mai murfin maƙalewa, ko ta roba mai kauri da aka ƙera don mai. Idan ruwan ɗorawar ce kawai a hannunka, zaɓi mai kauri wadda ba ta sha rana ba, ka duba gindinta ko akwai lamba 2 a cikin alama mai kusurwa uku, ko haruffan HDPE. Wadda ta koɗe, ko take ƙara kamar za ta tsage idan ka danna, ta gama aiki. Ka kuma sani ba don fetur aka yi ta ba, saboda haka a zuba kaɗan, a yi amfani da shi da wuri.

Shawarar da na fi ba muhimmanci a nan: jarkar kananzir ta bambanta da ta fetur tun daga girma. Idan fetur yana cikin mai lita 20 ko 25, kananzir ya zauna a galan mai lita 4 ko 5. Hannu yana ɗagawa zai ji bambanci tun kafin ido ya ga komai.

Kwalbar lemo da gorar ruwa ba mazubin mai ba ne, ko na minti biyar. Idan ka sayi fetur a wurin 'yan bumburutu, a juye a tanki ko a jarkarka a nan take, kada kwalbar ta biyo ka gida. Yawancin yaran da ake kaiwa asibiti saboda shan kananzir, daga irin wannan kwalbar suka sha, suna zaton ruwa ne.

Mataki na 3: Shirya jikin jarkar

Jarkar man girki da ba ta taɓa ɗaukar man inji ba, wanke cikinta da omo da ruwan ɗumi, ɗauraye sosai, kifa ta a inuwa har ta bushe ƙayau. Ɗigon ruwa da ya rage zai tafi kafireta ya hana inji tashi.

Wadda take da mai a ciki, rufe murfin tamau, wanke bayanta kawai da ruwan omo don maiƙon ya fita. Idan ta bushe, goga samfefa a inda fenti zai hau har santsin ya tafi. Mutane suna tsallake wannan, sai bayan mako biyu fentin ya riƙa ɓarewa. Gogawa sama-sama ake yi, ba kankara ba.

Kada ka ɗora ƙusa mai zafi ko wuƙa mai zafi a jikin jarka don zana suna. Jarkar fetur da babu komai a ciki cike take da tururi, ta fi cikakkiya saurin fashewa.

Mataki na 4: Launi

A Amurka tsarin da aka saba shi ne ja na fetur, shuɗi na kananzir, ruwan ɗorawa na dizal. Biyun farko sun yi mana. Na ukun bai yi ba, domin a nan ruwan ɗorawa launin jarkar ruwa ne. Ga abin da nake yi:

- Fetur: ja
- Kananzir: shuɗi
- Dizal: baƙi
- Fetur da aka haɗa da baƙin mai: kore

Ba duk jarkar za a shafe ba. Zagaye ƙugunta da layi mai faɗin yatsu huɗu, ta yadda ta kowane ɓangare aka zo za a gani, sannan ka shafa wa saman murfin da mariƙin. Kada a shafe jarka gaba ɗaya da baƙi, zafi take ja. Shafi biyu, a bar na farko ya bushe.

Idan babu fenti, ɗaura tsumma mai launin a mariƙi, ko ka naɗa salatif ɗin masu gyaran wuta, yana zuwa kala-kala. Amma wannan na wucin gadi ne, fetur yana narkar da ɗankonsa.

Mataki na 5: Rubutu

Launi kaɗai bai isa ba. Akwai maza da ba sa bambance ja da kore sosai, kuma da yawa daga cikinsu ba su san haka ba. Sai an rubuta.

Rubuta da farin fenti, da manyan baƙaƙe masu tsayin yatsa, a faffaɗan ɓangarorin biyu. Kauce wa gefen da mai yake gangarowa idan ana zubawa, can ne rubutu yake fara gogewa. Alƙalamin maka ba ya jure fetur, ɗigo ɗaya ya wanke shi.

Rubuta sunan da mutanen gidan suke faɗa da bakinsu: FETUR, KANANZIR, DIZAL, HAƊI. Kada ka rubuta MAI kawai, komai mai ne. Idan a gidanku gas ake ce wa dizal kuma kuna da tukunyar gas ta girki, tsaya a kan DIZAL. A ƙasan sunan, ƙara haruffan da ke jikin famfon gidan mai, don mai zubawa ya gani: PMS na fetur, DPK na kananzir, AGO na dizal. Masu zirga-zirga tsakanin Najeriya da Nijar su kula, a famfon Maraɗi ko Damagaram fetur shi ne essence, abin da aka rubuta wa pétrole kuwa kananzir ne.

Idan akwai wanda ya fi gane ajami, rubuta da ajami a ɗaya ɓangaren. Ƙara ɗan zane: risho a ta kananzir, babur a ta fetur. Ba sai ya yi kyau ba, a dai gane.

Sai tambarin da ba ya gogewa. Yanke gwangwanin lemo ka miƙe shi, ɗora a katako, danna sunan man da bakin ƙusa, lanƙwashe gefunan don kada su yanki hannu, huda ka ɗaure a mariƙi. Ko fenti ya tafi, wannan yana nan.

Mataki na 6: Alamar da hannu yake ji

Wannan shi ne na dare. Ɗaura igiya a mariƙin kowace jarka ka yi mata ƙulli manya: ɗaya na kananzir, biyu na haɗi, uku na dizal. Ta fetur kuma, huda murafun robar lemo ka zura su a igiyar, ta yadda ana ɗaga jarkar za su yi ƙara. Ko ƙaramin yaro zai riƙe wannan: mai kacau-kacau ba ta zuwa kusa da wuta.

Da ragowar igiyar, ɗaure murfin da mariƙin jarkarsa. A zagaye wuyan murfin za a ɗaura, ba huda shi za a yi ba. Murafun waɗannan jarkokin girmansu ɗaya, idan aka buɗe biyu a lokaci guda sai a musanya, jan murfi ya koma kan kananzir, alamar ta koma ƙarya. Murfin da yake yoyo a sake shi. Cusa leda a ƙarƙashinsa ba gyara ba ne.

Mataki na 7: Mazurari da tiyo

Kowane mai da mazurarinsa, a shafa masa launin jarkarsa, a rataye a ƙusa a saman ta, bakinsa a ƙasa saboda ƙura. Mazurari ɗaya da yake yawo tsakanin fetur da kananzir yana rushe duk wahalar da aka sha. Zuƙo mai da baki ta tiyo kuwa a daina, akwai ɗan famfon hannu na roba a kasuwa, ba shi da tsada.

Mataki na 8: Jarkar haɗi

Ƙaramin janaretan nan mai wat 650 zuwa 950, da injin feshi na goyo, da zarton inji, ba su da wurin baƙin mai daban, a cikin fetur ake haɗa musu. Idan aka ba su fetur zalla, inji ya ƙone. Idan aka ba babban janareta ko babur haɗin, hayaƙi ne da toshewar fulogi. To jarkokin biyu kuma warinsu ɗaya, shi ya sa kore yake da muhimmanci.

Duba takardar injinka ko jikin murfin tanki ka ga ma'aunin. Idan 50 da 1 ne, kowace lita tana ɗaukar mililita 20 na baƙin mai: lita 4 mililita 80, lita 5 mililita 100. Idan 25 da 1 ne, ninka. Auna da sirinji, kada a yi da ido ko da murfin galan. Rubuta ma'aunin a jikin jarkar da fenti. Fara zuba rabin fetur, sa man, rufe ka girgiza, sannan ka cika. A yi amfani da man da aka yi don irin wannan injin, za ka ga 2T a jikin robarsa. Kada ka haɗa fiye da abin da za a shanye a wata ɗaya.

Baƙin mai shi kansa ya zauna a galan ɗin da ya zo a ciki. Wanda aka juye daga inji a zuba a mazubi daban a rubuta TSOHO.

Mataki na 9: Wurin ajiya

Inuwa, iska, kulle. Ba ɗakin kwana ba, ba kicin ba, ba ƙarƙashin bene ba, ba zaure ba, domin idan wuta ta tashi a zaure ta tare hanyar fita. Kada a ajiye tare da janareta, ko tukunyar gas, ko batiran sola, ko kusa da mitar wuta. Kada a haɗa da buhunan hatsi, suna ɗaukar wari, haka maganin feshi.

Mafi kyau ɗan ɗaki ko keji a can gefen gida, mai ƙofofin iska a ƙasa kusa da daɓe, tunda tururin ƙasa yake sauka. Rufin kwano maras silin yana dafa jarka a bazara, a ɗora zana ko ciyawa a samansa. Shimfiɗa katako a ƙasa, musamman don ta ƙarfe kada ta yi tsatsa. Bokitin yashi ya zauna a waje bakin ƙofa, ba a ciki ba, inda hannu zai kai gare shi ko wuta ta kama.

Kananzir na girki kada ya kwana a wannan ɗakin idan akwai wani wurin. Nema masa kanta mai tsayi ko akwati mai kwaɗo a wani gefen, nesa da murhu. Idan mai neman kananzir ba shi da dalilin shiga inda fetur yake, an rage rabin haɗarin.

Mai zama a ɗaki ɗaya a gidan haya, gaskiyar magana ba ka da wurin ajiye fetur. Sayi na kwana ɗaya ko biyu ya shiga tanki kai tsaye. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 mutane suka ƙara son tarawa idan sun ji farashi zai hau. Ribar da za a samu a lita ashirin ba ta kai a kwana da ita a ɗaki da yara ba.

Mataki na 10: Jerawa da kwanan wata

Kowace jarka da gurbinta. Shafa launinta a bango a daidai inda take zama, ka bar tazarar taku ɗaya tsakani, rubutun yana kallon ƙofa. Ba a ɗora wata kan wata. Kafa guntun katako a bango, duk ranar da aka sayo mai a rubuta da alli. Fetur yana lalacewa, a zafinmu kada ya wuce wata uku. Idan jarkokin fetur biyu ne, tsohon a gaba, sai ya ƙare a taɓa sabon. Jarkokin da babu komai a ciki su ma a rufe su, a bar su a gurbinsu.

Mataki na 11: Ranar sayen mai

Sauke jarkar ƙasa kafin a zuba, kada a cika ta a kan babur ko a cikin but ɗin mota. Bakin famfon ya taɓa bakin jarkar. Wannan saboda tartsatsin nan ne da kake ji idan ka cire riga lokacin hunturu, ya isa ya kunna tururi. Faɗi sunan man da bakinka, ka kalli famfon da aka ɗauko.

Kada a cika fal. Fetur yana ƙaruwa da kamar kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafin digiri 10. Wanda aka saya da sanyin safiya ya wuni a ɗakin kwano a watan Afrilu zai iya ƙaruwa da rabin lita a babbar jarka. Mai lita 25 a sa mata 23, mai 20 a sa 19. Idan ka tarar jarka ta kumbura, kai ta inuwa ta huce, sannan ka sassauta murfin a hankali, fuskarka a gefe.

Mataki na 12: Tara mutanen gida

Kira kowa, har mai gadi da almajirin da ake aika. Nuna musu, sannan ka ce wa ɗaya bayan ɗaya ya rufe ido ya nuna maka ta kananzir. Wanda ya kasa, alamar ce ba ta yi ba, a gyara ta. Dokoki uku sun isa: jarkar da ba alama ba a taɓa ta, ba a zuba wa janareta mai sai an kashe shi ya huce minti goma zuwa sha biyar, kuma da tocila ake shiga, ba da ashana ko fitilar ƙwai ba. Babba ma ya bi dokar, sabo turken wawa ne. Duk farkon wata a duba yoyo, a sabunta fentin da ya koɗe.

Idan an riga an yi kuskure

An zuba wa inji man da ba nasa ba: kada a tayar da shi, ko don a gwada. Rufe famfon tanki, a juye man, a kira bakanike. Fetur a injin dizal ya fi ɓarna, domin dizal ne yake sa wa famfon injin santsi, fetur kuwa wanke shi yake yi.

Ana zargin fetur ya shiga risho ko fitila: kada a kunna. Fitar da shi waje, juye, cire lagwanin a sa sabo, bar tankin a buɗe a inuwa ya sha iska kwana ɗaya. Idan yana ci aka gane, a kashe idan hannu zai kai lafiya, kowa ya fita.

Mai ya zube: rufe da yashi, buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin lantarki, a kwashe yashin a fitar. Idan ya kama, yashi ko hoda. Ruwa ɗaukar fetur yake yi ya yaɗa wutar. Idan ta fi ƙarfin bokiti, a fitar da mutane a kira 'yan kwana-kwana, ko 112 a Najeriya.

Yaro ya sha kananzir ko fetur: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Na san abin da aka saba yi ke nan a unguwanni, kuma shi ne yake jawo babbar illar, domin haɗarin yana ga man ya shiga huhu, amai kuwa hanya yake ba shi. Cire masa kayan da suka jiƙe, wanke fatarsa da sabulu, riƙe shi a zaune, a tafi asibiti ko da ya koma wasa, saboda matsalar numfashi takan bayyana bayan wasu sa'o'i. A tafi da mazubin da ya sha daga ciki don likita ya san ko wane mai ne.